Darasi na 7: Kare Haihuwar Mace Kafin a Fara Maganin Sankara

Ana ba da maganin kemo ne don ya kashe ƙwayoyin sankara, amma a kan hanyarsa yakan taɓa ƙwan haihuwar mace. Mace da ƙwanta take zuwa duniya, kimanin miliyan 1 zuwa 2, kuma jiki ba ya yin sababbi. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000. Duk wanda magani ya lalata, ya tafi ke nan.

Ɓarnar ba ɗaya ba ce ga kowa. Ta danganta da irin maganin, da yawansa, da shekarun mace. Maganin kemo mai suna cyclophosphamide da danginsa na cikin waɗanda suka fi illa. Mai shekara 25 ta fi mai shekara 38 damar farfaɗowa, don ajiyarta ta fi yawa.

Lokacin tambaya shi ne kafin allurar kemo ta farko. Ranar da likita ya ambaci kemo, ki tambaye shi: "Wannan magani zai taɓa haihuwata? Akwai lokacin ajiye ƙwai?" Kunya ba ta da wuri a nan. Mata da yawa ba sa tuna wannan tambaya sai bayan an fara, wasu ƙofofin kuwa sun riga sun rufe.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce daskarar da ƙwai. Ana yi wa mace allurar homon, wato sinadarin jiki mai sa ƙwai su girma, kullum na kwana 10 zuwa 14 don ƙwai da yawa su nuna a lokaci guda, ana duba girmansu da na'urar hoton ciki. Yanzu ba sai an jira haila ba, ana iya farawa kowace rana. Idan sun nuna, sai a sa ta barci, a zuƙo su da siririyar allura ta cikin farji, a adana cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Mai aure za a iya haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta kafin a daskarar. Illar allurar homon da ake tsoro ita ce ma'ajiyar ƙwai ta kumbura fiye da kima, ruwa ya taru a ciki. Ciwon ciki mai tsanani, amai ko wahalar numfashi, a koma asibiti nan take. Mai sankarar mama irin wadda homon ke ciyarwa, akan haɗa mata da ƙwayar letrozole don kada homon ya hau sosai.

Yarinyar da ba ta balaga ba, ko matar da ciwonta ba zai jira mako biyu ba, ana iya yanko ɓangaren ma'ajiyar ƙwanta da ƙaramin aikin tiyata a daskarar, a mayar mata bayan ta warke. An sami haihuwar farko ta wannan hanya a Beljiyam a shekarar 2004. Ga mai sankarar jini akwai haɗari, don ƙwayoyin cutar kan ɓuya cikin naman, su dawo tare da shi.

Akwai kuma allurar goserelin, miligiram 3.6 duk kwana 28, wadda ke kwantar da ma'ajiyar ƙwai har a gama kemo. Ana fara ta aƙalla mako guda kafin kemo. Haila kan ɗauke, zafi kan taso wa mace kamar wadda ta manyanta ta daina haila. Allurar tana taimakawa, musamman a sankarar mama, amma ba ta maye gurbin daskarar da ƙwai.

Kada ɗaukewar haila ta ruɗe ki. Ciki na iya shiga ana tsakiyar kemo, maganin kuma yana cutar da ɗan tayi, musamman a watanni ukun farko, saboda haka a yi amfani da hanyar hana ɗaukar ciki da likita ya amince da ita. Dawowar haila ma ba shaidar ƙwai sun tsira ba ce. Gwajin jini na AMH shi ke nuna abin da ya rage. Kafin a nemi ciki, likitoci kan ce a jira aƙalla wata 6 bayan allurar ƙarshe, wasu matan har shekara 2, gwargwadon irin sankarar.