Darasi na Tara: Ranar da Jakadun Amurka Suka Ce "Ko Sisi"

Kafin mu fara karatu, kowa ya buɗe littafin rubutunsa ya rubuta waɗannan baƙaƙe uku manya-manya: X, Y, Z. Biyu daga ciki mun saba da su, Y na yaro da Z na zabo. Na farkon kuwa baƙo ne, babu shi a rubutun Hausa. Sanduna biyu ne a gicciye, ana kiransa ekis. Wasunmu sun taɓa ganinsa a takarda, daidai wurin da ake nuna wa mutum ya sa hannu.

Baƙaƙen nan uku sun zama sunan wata rigima da aka yi tsakanin Amurka da Faransa. Ta fara a 1797, wato shekara bakwai kafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Sunayen mutanen labarin mun rubuta su yadda ake furta su, don kada su tsayar da ku. A karanta a hankali, kowa da sakin layinsa.

Amurka tana rarrafe

Wanda ya san Amurka ta yau zai yi wuya ya yarda cewa ta taɓa zama ƙaramar ƙasa mai fama da bashi. Jihohi 13 ne a bakin teku, Ingila tana mulkinsu. A 1776 suka ce sun fita daga hannunta, yaƙi ya yi tsanani. A 1778 Faransa ta ƙulla yarjejeniya da su, ta taimake su da kuɗi da soja da jiragen ruwa na yaƙi, ba don komai ba sai don ta ga bayan Ingila, tsohuwar abokiyar gabarta. A 1783 Ingila ta haƙura ta amince da 'yancinsu.

Da yaƙi ya ƙare, Amurka ta sayar da jiragen yaƙinta, na ƙarshe a 1785. Sai ya zama tana da jiragen fatake masu yawa a teku, suna kai alkama da taba da kifi da katako ƙasashe, amma babu mai tsaronsu.

Gaba kura, baya sayaki

A 1789 Joj Washinton ya zama shugaban ƙasa na farko. A shekarar nan kuma juyin juya hali ya tashi a Faransa. A farkon 1793 Faransawa suka kashe sarkinsu, suka shiga yaƙi da Ingila. Faransa ta tuna wa Amurka alkawarin 1778. Ingila kuwa ita ce babbar abokiyar cinikin Amurka, kuɗin fiton kayan da ake shigowa da su shi ne yake riƙe da baitulmali. A watan Afrilu 1793 Washinton ya yi shela cewa Amurka 'yar ba-ruwanmu ce.

Faɗar haka ba ta da wuya, tsayawa a kai ne aiki. Jakadan Faransa, wani saurayi mai suna Jene, ya sauka a garin Calistan, ya shiga ba Amurkawa takardun izini su kama jiragen Ingila, tun bai gabatar da kansa ga shugaban ƙasa ba. Washinton ya nemi Faransa ta janye shi. Kafin nan gwamnati ta canja a Faris, sababbin shugabanni suna nemansa ruwa a jallo, in ya koma kashe shi za a yi. Washinton ya bar shi ya zauna. Ya auri 'yar gwamnan Niyok, ya kama noma, a can ya mutu.

Ingila ita ma ba ta raga ba. Ta kama jiragen fataken Amurka fiye da 200 a tekun Karibiyan, kuma sojojinta suna zaune a wasu sansanoni cikin ƙasar Amurka, kamar Ditiroit, waɗanda ta yi alkawarin bari tun 1783. Washinton ya aika alƙalin alƙalai, Jon Je, zuwa Landan. A Nuwamba 1794 aka sa hannu a yarjejeniya. Ingila ta yarda ta kwashe sojojinta, amma a kan batun teku ba ta saki wani abin kirki ba. Majalisar dattawa ta amince da ƙyar, ƙuri'a 20 da 10. A garuruwa da yawa mutane suka yi mutum-mutumin Jon Je suka ƙone.

Faransa ta ɗauki wannan yarjejeniya a matsayin butulci. Ta fara kama jiragen Amurka ita ma, kafin tsakiyar 1797 ta kama fiye da 300. Da aka aika mata sabon jakada mai suna Finkini, ta ƙi karɓarsa, ta ce ya bar ƙasar.

Baƙi a masauki

Jon Adams ya gaji Washinton a Maris 1797. Ya ce a sake gwada magana. Ya haɗa mutum uku: Finkini ɗin nan da aka kora, da lauya Jon Mashal, da Elbirij Geri. Suka isa Faris a Oktoba.

Ministan harkokin waje na Faransa a lokacin shi ne Taliran, mutum mai wayo da son abin duniya. Ya gana da su na ɗan lokaci kaɗan, ya ce su jira. Suka yi ta jira. Bayan kwanaki sai ga wani mutum ya zo masaukin Finkini da yamma, ya ce yana da saƙo na sirri. Daga baya na biyu ya zo, sannan na uku. Babu wanda ya zo da takardar hukuma a cikinsu, amma duk bakinsu ɗaya. Kafin a zauna maganar jirage, sai an yi abu uku. A nemi gafara kan kalaman da Adams ya yi a gaban majalisa game da Faransa. A ba Faransa rance na miliyoyi. Sannan a ba minista na goro, fam 50,000, wato kimanin dala 250,000.

Ku lura da kyau, wannan kuɗi ba na biyan sulhu ba ne. Kuɗin buɗe ƙofa ne kawai, a biya a samu a yi magana, ba tare da an san abin da maganar za ta haifa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ofis da takardarsa a hannu, ɗan aike yana ce masa mai gida ba zai ganu ba sai an ga hannu, ya san irin zaman da mutanen nan uku suka yi. Bambancin kawai, su ƙasa ce guda a bayansu, kuma kowace rana suka ƙara a masauki ana ƙara kama jiragen 'yan'uwansu.

'Yan aiken suka yi ta zarya. Wani lokaci lallashi, wani lokaci barazana. Suna tuna musu cewa sojojin Faransa sun ci ƙasashe a Turai, wanda ya ja da ita ya sha kashi. Jakadun suka amsa cewa ba su da ikon ba da rance, amma in Faransa za ta daina kama jirage, ɗaya daga cikinsu zai koma gida ya nemo umarni. Aka ƙi. A ƙarshen Oktoba ɗan aike na farko ya gaji da kewaye-kewaye, ya ce musu maganar kuɗi ake yi, mece ce amsarsu? Finkini ya ce: "A'a, a'a, ko sisi!"

Ba mu muka sa masa kalmar a baki ba. Kuɗin da ya ambata shi ne kwabo shida na Ingila, ainihin sisin da iyayenmu suka kashe a kasuwa zamanin fam da sule, wanda har yau muke cewa ba ni da ko sisi.

Takardu sun iso gida

A zamanin babu waya. Wasiƙa jirgin ruwa mai filafilai take bi, ta yi makonni a teku, wani lokaci watanni. Jakadun sun rubuta duk abin da ya faru da rubutun sirri, amma bai isa Filadelfiya, babban birnin ƙasar a lokacin, ba sai Maris 1798. 'Yan jam'iyyar adawa, masu ƙaunar Faransa, suka zargi Adams da ɓoye gaskiya don yana son yaƙi. Suka dage sai an nuna musu takardun. A Afrilu ya miƙa su ga majalisa, amma aka cire sunayen 'yan aiken uku, aka sa X da Y da Z a madadinsu. Jaridu suka buga, kowa ya karanta ko aka karanta masa.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Da Mashal ya dawo aka tarye shi kamar gwarzon yaƙi. A wajen walimar da aka yi masa wani ɗan majalisa ya faɗi maganar da ta zama kirari: a kashe miliyoyi wajen tsaro, amma ko anini ba za a biya jizya ba. Kirarin yana da daɗi, sai dai bai cika gaskiya ba, kuma ya kamata mu faɗa. Tun 1795 Amurka tana biyan mai mulkin Aljiyas, a arewacin Afirka, maƙudan kuɗi don a saki ma'aikatan jiragenta da aka kama, a kuma bar sauran su wuce lafiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka Amurka ta yi. A Afrilu 1798 aka kafa ma'aikatar sojan ruwa, aka shiga ƙera jirage da gaggawa. A Yuli majalisa ta soke yarjejeniyar 1778. Jiragen ƙasashen biyu suka fara harbin juna a teku ba tare da an yi shelar yaƙi ba. A Fabrairu 1799 jirgin Amurka mai suna Konstaleshan ya kama wani babban jirgin yaƙin Faransa a Karibiyan.

Fushin ya haifar da ɓarna a cikin gida ma. Majalisa ta yi dokar hukunta mai sukar gwamnati, Adams ya sa mata hannu. Aka ɗaure 'yan jarida, har wani ɗan majalisa daga jihar Bamon ya yi wata huɗu a kurkuku. Wannan tabo ne a mulkinsa, babu abin da zai wanke shi.

Adams ya juya

Manyan jam'iyyarsa suna son a yi yaƙi sosai, jama'a na bayansu, zaɓe kuma yana matsowa. Da Adams ya bi su, da wataƙila farin jininsa ya ɗore. Sai labari ya zo masa ta hannun jakadan Amurka a Holan cewa Taliran ya sauko, ya ce duk wanda aka aiko za a karɓe shi da mutunci. A Fabrairu 1799, ba tare da ya shawarci ministocinsa ba, Adams ya gaya wa majalisar dattawa cewa zai sake aika wakili Faransa. Jam'iyyarsa ta dare biyu a kan haka.

A ganina nan ne wurin da ya fi wuya a duk labarin. Finkini ya ce ko sisi a cikin ɗaki, ya dawo ana yi masa tafi. Adams ya miƙa hannu ga wanda ya wulaƙanta ƙasarsa, alhali mutanensa na kiransa matsoraci, domin ya san Amurka ba ta da ƙarfin dogon yaƙi, kuma abin da aka nema tun farko, wato a saurare su ba tare da cin hanci ba, ya samu.

Kafin sababbin wakilan su isa, Nafoliyon ya karɓi mulki a Faransa. Ranar 30 ga Satumba 1800 aka sa hannu a sulhu. Faɗan teku ya tsaya, tsohon ƙawancen 1778 ya ƙare, Amurka kuma ta haƙura da diyyar jiragen fatakenta. Labarin bai iso gida da wuri yadda zai amfani Adams ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 1800 ya sami ƙuri'ar wakilai 65, abokin takararsa Tomas Jefason ya sami 73. Bayan shekara uku, a 1803, Faransar nan ta sayar wa Amurka yankin Luwiziyana a kan dala miliyan 15, faɗin ƙasar ya kusan ninkawa biyu.

Kalmomin da za a kwafa

Kowa ya rubuta waɗannan sau uku, ya kula da ƙugiyar baƙaƙe: jakada, yarjejeniya, ƙuri'a, kuɗi, baitulmali, ɓarna, diyya, 'yar ba-ruwanmu. Wanda ya gama ya zaɓi biyu ya sa kowace a jimla tasa ta kansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Faransa ta yi fushi da yarjejeniyar da Jon Je ya ƙulla a Landan?
2. Waɗanne abubuwa uku 'yan aiken Taliran suka nema?
3. An rubuta wasiƙun farko a Oktoba 1797, sun isa a Maris 1798. Wata nawa ke nan?
4. Daga 1778 zuwa 1800 shekara nawa ne? Da ƙuri'a nawa Jefason ya fi Adams?
5. Rubuta dala 250,000 da kalmomi.

Ta ƙarshe ba ta rubutu ba ce, ta baki ce. A kasu gida biyu. Kashi ɗaya su zama masu jiragen da aka ƙwace, waɗanda aka yafe diyyarsu ba da yawunsu ba. Ɗaya kashin su zama Adams da mutanensa. Kowane ɓangare ya faɗi hujjarsa, malami ya rubuta a allo, a karanta tare.

Aikin gida

Ka ɗauka kai ne Finkini, daren ranar da ɗan aike ya fita. Rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙa mai layi biyar. Sa kwanan wata a sama, ka faɗi wanda ya zo da abin da ya nema da amsar da ka ba shi, ka sa hannu a ƙasa da cikakken sunanka. A zo da ita darasi mai zuwa, kowa zai karanta tasa.