Yadda zaki riƙe nas-nas ɗin wod ɗinki idan aka baki in-caji

Wannan rubutun na sabbin in-caji ne, irin wadda aka kira ofishin matiron, wato shugabar nas-nas, aka ce mata daga Litinin ke ce mai wod, shikenan, babu wanda ya zaunar da ita ya ce ga yadda ake yi. Da mace nake magana don mu ne muka fi yawa a aikin, amma 'yan'uwanmu maza duk maganar ta shafe su. Ko makarantar nas ta Vom kika yi karatu ko ta asibitin koyarwa na jami'ar Jos wato JUTH ko jami'a, abin da aka fi koya mana shi ne mara lafiya, riƙon ma'aikata kuwa sai dai ki tsince shi a bakin aiki. Ni dai abu ɗaya nake so ki sa a ranki, duk tsarin da zaki kafa a wod ɗin nan ki kafa shi ne don a riƙa gaya miki matsala tun tana ƙarama, saboda wod ɗin da nas ke tsoron buɗe baki nan ne ake rasa rai ba gaira ba dalili.

Mataki na farko: ki san mutanenki kafin ki taɓa komai

Satin farko da na biyu kar ki canja tsari, ki kalla kawai. Ki samu littafi ki rubuta kowa, matakinsa, shekarar da ya fara aiki, wane kwas ya ƙaro, na yara ne ko na tiyata ko na agajin gaggawa, wace ce ungozoma. Ki duba lasisin kowa da idonki, hukumar nas da ungozoma ta ƙasa wato NMCN lokaci-lokaci ake sabunta lasisinta kuma sai mutum ya yi kwas ɗin ƙarin ilimi na dole wato MCPDP, toh ki rubuta watan da na kowa zai ƙare ki riƙa tuna musu da wuri. Ki tambayi wanda bai kammala allurar rigakafin ciwon hanta ta hepatitis B ba, guda 3 ce. Sannan ki san unguwar kowa, wadda ke tasowa daga Bukuru ba ɗaya take da ta Rikkos ko Tudun Wada ko Angwan Rogo ba, zaki ga amfanin wannan a gaba. Ɗalibai kuma masu koyo ne, kar ki lissafa su cikin ma'aikata.

Mataki na biyu: rosta, wato jadawalin aiki

Nan zan daɗe don wallahi rabin rigimar wod daga takardar nan take tasowa. Nas zata iya jure ƙarancin kaya da yawan marasa lafiya, amma ranar da ta gano cewa ita kullum dare take yi wata kuma ƙawar in-caji ce bata san dare ba, daga ranar kin rasa ta, zata riƙa zuwa aiki amma ba zata ƙara gaya miki komai ba.

Ki fitar da rostar wata tun kafin watan ya kama, ki liƙa inda kowa zai gani, kuma a gefe ki sa lissafin dare nawa da ƙarshen mako nawa kowa ya yi, a fili, wanda ke da ƙorafi ya ƙirga da kansa. Kowane duti, safe ko yamma ko dare, ki tabbata akwai hannu babba a ciki, kar ki haɗa sabbi biyu ki bar musu wod da dare lokacin da likita ke nesa kuma babu wanda zasu tambaya. Wadda ta sauka daga dare kar ki sa ta safe washegari, kuma hutunta na bayan dare haƙƙinta ne ba alfarma ba. Musanyar duti ki yarda da ita amma a rubuce, su biyun su sa hannu ke ma ki sa, in ba haka ba wata rana zaki zo ki tarar kowacce na cewa ai na zaci ita ce.

Mu a Jos Allah ya bamu wani sauƙi da ya kamata mu yi amfani da shi, kusan kowace wod akwai Musulmi akwai Kirista. Masu Kirsimeti da Ista su riƙe wod ranar Sallah, masu Sallah su riƙe a Disamba, haka ma Juma'a da Lahadi, in dai aka yi shi da adalci mutane da kansu suke tsara shi suna murna. Amma ki lura kar ya koma rabe-rabe, ranakun da babu biki ki gauraya su, kar a wayi gari ana cewa wannan dutin na su wane ne.

Hutun shekara ki tsara shi tun Janairu, mai mataki na 7 zuwa sama a gwamnati kwana 30 take da shi, hutun haihuwa a ma'aikatun tarayya sati 16 ne, in baki lissafa ba sai ki ga mutum uku sun tafi a wata ɗaya. Ga kuma masu fita waje, a 2024 hukumar NMCN da kanta ta ce nas sama da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 3, yawanci kuma gogaggun ne ke tafiya, don haka duk wani aiki da mutum ɗaya ce kawai ta iya a wod ɗinki ki sa ta koya wa biyu tun yanzu.

Sai maganar da duk ɗan Jos ya sani, dokar hana fita. Ranar da aka sa ta ba shiri, masu yamma ba zasu iya tafiya ba masu dare ba zasu iya zuwa ba. Ki zauna da su tun ana zaman lafiya a yarda, wa ke kusa da zai iya ƙarasowa, ina waɗanda suka maƙale zasu kwanta, me zasu ci, kowa ya riƙa yawo da katin shaidar aiki, kuma dan Allah kar ki tilasta wa kowa ya ratsa unguwar da hankalinsa bai kwanta da ita ba don kawai sunansa na kan rosta. Daga baya ki biya waɗanda suka yi duti biyu a jere da hutu.

Mataki na uku: miƙa aiki a bakin gado

Hanoba, wato miƙa aiki, a tebur ana karanta littafi bata wadatar ba. A tashi a bi gado-gado, mai sauka da mai karɓa, a ga mara lafiyar, a duba ruwan da aka sa masa yana tafiya ko hannun ya kumbura, me ya canja tun jiya, wane magani ya rage, wane gwaji ake jira, me likita ya ce a kula da shi. Maganar da ta shafi sirrin mutum a ja gefe a yi ta. A ƙirga magungunan kabad mai makulli irin su pethidine da morphine masu kashe zafin ciwo, mutum biyu tare su sa hannu, a duba tukunyar oksijin, tiren gaggawa, da tocila saboda ɗauke wuta.

Mataki na huɗu: ki zagaya da ƙafarki

Kullum ki ɗauki foldar marasa lafiya uku ko huɗu ba tare da kin faɗi wacce ba ki karanta. In kika ga numfashin kowa 20 ne daga gado na farko har na ƙarshe, safe da yamma, toh ba a ƙirga ba rubutawa kawai aka yi, kuma wannan abin yana min ciwo sosai domin numfashi yana cikin abin da ke fara nuna cewa mutum zai rikice, babba mai lafiya tsakanin 12 zuwa 20 yake a minti, wanda ya fara hawa sama da haka yana gaya mana wani abu. Ki duba takardar magani, an sa hannu lokacin da aka bayar ko an cike ta a dunƙule. Ki ɗaga bargon wanda baya iya juyawa ki duba bayansa da ƙugunsa, duk awa 2 ya kamata a juya shi. Ki tambayi masu jinya yaya dare ya kasance, su ne suka kwana a wurin.

Wani lokacin ki leƙo da dare. Ba don kama mutane ba, ki ga da wane hali suke aiki, musamman Disamba da Janairu da sanyin Jos ke shiga ƙashi, jarirai da tsofaffi na buƙatar rufi, tagar da ta fashe a gyara. Lokacin rani kuma shi ne lokacin zazzaɓin Lassa, Filato na cikin jihohin da ake samunsa kuma ma'aikatan lafiya sun sha kamuwa, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya a sanar da likita da wuri, safar hannu da wanke hannu babu sassauci. Wadda allura ta soka ta faɗa a take, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi kuma gara a fara a ranar.

Mataki na biyar: idan an yi kuskure

Ki fara da mara lafiya, a duba shi, a kira likita, a rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Nas ɗin kuma ki kira ta ofis ku biyu, ba a gaban marasa lafiya ba ba a gaban ɗalibai ba. Wadda ta zo da ƙafarta ta ce Sista na ba da maganin da ba shi ba, ki fara da cewa kin kyauta da kika faɗa, saboda duk wod ɗin suna kallon abin da zaki yi mata, in kika tozarta ta na gaba ɓoyewa za'a yi, kuma barin kashi a ciki baya maganin yunwa. Sai ki bi sawu, rubutun likitan ne baya karantuwa, kwalaben ne suka yi kama, ita kaɗai ce da gado talatin, in dalilin na tsari ne ki gyara tsarin.

Amma ki bambanta kuskure da hali. Ƙaryar rubutu a folda, karɓar kuɗi a hannun masu jinya, barin wod ba kowa, zagin mace tana naƙuda ko marinta, waɗannan ba a lallashi a kansu. Makara da danna waya a bakin aiki ki fara da baki, ki rubuta ranar a littafinki, in ya maimaitu ki ja kunne a rubuce, sannan takardar tuhuma ta bi hanyarta zuwa sama. Hukunci ɗaya ga kowa, ko 'yar garinku ce ko ta girme ki, wadda ta girme ki ki ce mata Mama ko Anti ki bata girmanta amma ki faɗi abin da ya kawo ki.

Mataki na shida: ki tsaya musu a sama

In ɗan'uwan mara lafiya ya ɗaga wa nas hannu ko likita ya wulaƙanta ta, ke zaki shiga gaba, ki kira masu tsaro, ki kai rahoto. Damar siminar da kwas ki riƙa zagayawa da ita kar ta tsaya kan mutum biyu. Fom ɗin tantance aikin ma'aikaci na ƙarshen shekara, irin su APER, ki cike shi daga abin da kika rubuta tsawon shekara, kuma ki nuna wa mai shi. Ƙarancin ma'aikata da safar hannu da na'urar awon jini kar ki tsaya faɗa da baki a baranda, ki rubuta wa matiron da kwanan wata, gado nawa, nas nawa a kowane duti, me ya ƙare tun yaushe, ki ajiye kwafi a fayil ɗin wod, in sati biyu ya wuce ba amsa ki sake rubutawa ki haɗa da kwafin ta farko.