Yadda za ka kare haƙƙinka a wajen aiki tun kafin rigima ta taso

Duk wanda ya samu aiki, a gidan mai ne ko makarantar kuɗi ko kamfanin ruwan leda ko ma banki, abin da zai fara nema shi ne takarda. Mu a nan an saba da "zo ka fara gobe, ai mun san babanka", sai mutum ya kwashe shekaru yana aiki babu ko layi ɗaya a rubuce da ke cewa shi ma'aikaci ne, ranar da aka ce ya tafi gida kuma ba shi da abin nunawa. Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta tun shekarun 1970 ne kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004, a sashe na 7 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ka takarda cikin wata uku da farawa, a rubuta irin aikin, nawa ne albashi, awa nawa, hutu, da kuma yadda za a rabu in rabuwa ta zo.

Ba sai ka je da faɗa ba. Ka samu oga a natse ka ce ranka ya daɗe ina son takardar ɗaukar aiki don in ajiye. In ya yi ta maka gobe jibi, to ka fara tara naka shaidun, ka roƙa a dinga turo albashi ta banki maimakon kuɗi hannu, kar ka goge alat, ka ajiye katin aiki, saƙonnin WhatsApp da ake ba ka umarni da su ka yi musu sikirinshot ka tura imel ɗinka saboda waya na iya ɓata. Dokar shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi irin waɗannan hujjoji na waya da kwamfuta.

Amma ka lura da wani abu da mutane da yawa ke tsallakewa, ita dokar ƙwadagon an yi ta ne don masu aikin ƙarfi da ƙananan akawu, ta cire manajoji da ƙwararru irin su likita, injiniya, akanta. In kana cikin waɗannan to kwantiragin da ka sa wa hannu shi ne kusan komai naka, don haka ka zauna ka karanta shi layi layi kafin ka ɗora biro, musamman wajen notis da kora.

Sai albashi. Tun watan Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 daga 30,000 na 2019, kuma yanzu duk shekara uku za a dinga sake dubawa maimakon biyar. Sai dai bai hau kan wajen da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho da na rabin lokaci. A ganina wannan babban giɓi ne, don yawancin yaran shago da malaman ƙananan makarantu a nan suke faɗawa. Batun yankan albashi kuwa, oga ba shi da ikon cin tararka yadda ya ga dama, ko ɓarna ka yi sai jami'in ƙwadago ya amince kafin a cire, kuma jimillar abin da za a cire a wata kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku.

Hutu: rana ɗaya a mako, aƙalla kwanakin aiki 6 da biya bayan shekara, kwana 12 na rashin lafiya in da takardar likita. Ke kuma 'yar'uwa mai juna biyu kina da mako 12, in kin yi wata shida a wajen dole a biya ki aƙalla rabin albashi, in kin dawo kuma kina da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Notis na sashe na 11 ne, kwana ɗaya in ba ka wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har shekara biyar, daga nan wata guda, ko a ba ka kuɗin kwanakin.

Fansho ne wajen da aka fi cutar mutane shiru. Dokar 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama zai saka kashi 10, a ciri kashi 8 daga naka, a tura asusunka cikin kwanakin aiki 7 da biyan albashi. Wasu suna cirewa a takardar albashi amma kuɗin ba ya zuwa ko'ina, kai kuma ba za ka sani ba sai tsufa ya zo. Don haka ka san lambar asusunka, ka sauke manhajar kamfanin fanshonka, duk wata ka leƙa, in ka ga wata biyu uku ba komai ka rubuta wa ofis, in ba su gyara ba ka kai ƙara hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 a kowane wata a kansu. In ka rasa aiki ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba kana iya cire kashi 25 na abin da ka tara.

In ka ji rauni a bakin aiki, ko ma a hanyar zuwa ko komawa gida, dokar diyya ta 2010 ta kare ka, kamfani ne ke biyan kashi 1 na jimillar albashi ga hukumar NSITF mai biyan diyyar ma'aikata, ba kai ba. Ka sanar da wajen aikin cikin kwana 14 a rubuce, ka riƙe takardun asibiti.

To in rigimar ta zo fa? Kar ka sa hannu a takardar ajiye aiki da ba kai ka yi niyya ba, ko da an ce don a rufa maka asiri ne. Ka rubuta ƙorafi ka riƙe kwafi, ka je wa ƙungiyarku in kuna da ita, sannan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya na jiharka, suna kiran ɓangarori biyu su sasanta. In abin ya faskara sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna da Abuja da wasu jihohi. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar aiki, har da ikon duba yarjejeniyoyin ƙungiyar ƙwadago ta duniya, shi ya sa yanzu take yawan tambayar kamfani dalilin kora, abin da a da ba a cika yi ba. Kar ka bari abin ya kwana da yawa, ka ga lauya da wuri.

Masu tuƙin Uber da Bolt, da masu kai saƙo a babur, da masu aiki daga gida ta intanet, dokar da muke da ita ba da su aka rubuta ta ba, kamfanoni na kiran su abokan hulɗa don kar a yi maganar fansho ko notis. A Ingila kotun ƙoli ta yanke a 2021 cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu, a nan ma direbobin manhaja sun samu ƙungiyarsu mai rajista a 2023, kuma ina sa ran gyaran doka na gaba ta nan zai biyo. In kana irin wannan aiki ka shiga ƙungiyar, ka dinga sauke rahoton kuɗin da kake samu duk mako, kuma ka ajiye kwafin sharuɗɗan da ka danna ka amince da su, don ana canza su ba tare da an tambaye ka ba.