Babi na Shida: Gane Rizista da Kafasita Kafin a Canza Su

Darasi na 1: Yadda ake riƙe rizista

'Yan'uwa, kowa ya ɗauki rizista ɗaya ya ɗora a kan farar takarda. Ita ce 'yar ƙaramar abar nan mai ƙafa biyu, da zobba masu launi a jikinta. Yawanci zobban huɗu ne. Uku suna kusa da juna, na huɗun ya ɗan ware, launinsa ruwan zinare ko ruwan azurfa. Wannan da ya ware, shi za ku sa a hannun dama. Daga hagu ake fara karatu.

Ku dakata, ku dubi takardarku. Zinaren yana dama? Idan yana hagu, a juya ta. Ba abin kunya ba ne, na ga masu gyaran da suka daɗe a sana'a suna karanta ta a juye.

Ga lambar kowane launi: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Ku kwafa a kwali ku manna a inda kuke aiki.

Zobe na farko lamba ne, na biyu ma lamba ne. Na uku kuwa yana faɗa muku sifili nawa za ku jera a baya. Misali: ruwan ƙasa, baƙi, ja, zinare. Ku rubuta 1, ku rubuta 0, ja kuma yana nufin sifili biyu. Kun sami 1000, wato om dubu ɗaya. Om shi ne ma'aunin yadda rizista take tare gudun lantarki. Wanda ya rubuta 102 ya mai da zobe na uku lamba, sai ya goge ya sake, a hankali. Wani misalin: rawaya, shunayya, ruwan lemo. Da farko, zinare yana dama? To, 4, 7, sai sifili uku, om 47000. Ba 473 ba. Ku faɗa da baki sau uku: zinare a dama, na uku sifili ne.

Darasi na 2: Sassauci

Kusan kowane aji sai wani ya auna sabuwar rizista ta om 1000, mita ta nuna 980, ya ce an sayar masa da lalatacciya. Lafiyarta ƙalau. Masana'anta ba ta iya fitar da kowace rizista daidai cif, shi ya sa take yi mata iyaka sama da ƙasa. Wannan iyaka ita ce sassauci, masu gyara suna cewa tolarans, kuma zoben nan na dama shi yake faɗinta.

Zinare yana nufin kashi 5 cikin 100. Kashi 5 na 1000 shi ne 50. Ku rage 50, ku ƙara 50: duk abin da mita ta nuna daga 950 zuwa 1050 daidai ne. Azurfa kashi 10 ne, wato 900 zuwa 1100. Akwai mai zobba biyar wadda na ƙarshenta ruwan ƙasa ne, ita kashi 1 ce, daga 990 zuwa 1010 kawai. Kuna iya sa mai kashi 1 a gurbin mai kashi 5, amma kada ku yi akasin haka. Girman jiki ma a duba shi, domin mai rubu'in wat ba za ta ɗauki zafin mai rabin wat ba.

Kafin awo ku narka dalma ku ɗaga ƙafa ɗaya daga fanel, wato allon da aka dasa kayan na'ura a kai, in ba haka ba sauran kayan da ke haɗe da ita za su rikita lissafin. Na sha faɗin wannan, amma har yanzu wasu ganda take hana su. Haka kuma rizistar da ta ƙone, launinta ba abin dogara ba ne, ja yakan koma kamar ruwan ƙasa. A nemi zanen na'urar ko wata irinta a duba. Masu cewa "ai sun yi kama" su ne suke ƙona kayan mutane. Kuma idan za ku karanta sabuwar, zinare a dama.

Darasi na 3: Kafasita

A cire wuta tukuna, kuma a sani babbar kafasita tana riƙe caji ko bayan an kashe na'ura, sai an sauke shi kafin a taɓa. Mai kama da gwangwani lambobi biyu ne a jikinta, misali 470µF da 16V. µF, wato maikirofarad, shi ne ma'aunin yawan cajin da take iya riƙewa, V kuma volt ne, ƙarfin wutar da take jurewa. Ta farkon a nemi irinta. Ta biyun tana iya fi, 25V ta yi, 10V ba ta yi ba. Layin da ke gefenta shi ne ƙafar nagatif, idan aka juya ta tana iya fashewa. Ƙanana kuma 104 na nufin 10 da sifili huɗu, pikofarad 100000, wato 0.1µF. Harafin da ke bayan lambar sassauci yake faɗi: J kashi 5 ne, K kashi 10, M kashi 20.

Darasi na 4: Fis

Fis shi ne abin da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa. Idan ya tsinke, a duba lambar amfiya da ke jikinsa, wato ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka, a sayo mai irinta. Kada a ɗaura waya a madadinsa.