Sayar da tsohuwar amfilifayar jita mai kwalba da aka yi wa kwaskwarima

Ranar da aka huda shasin tsohuwar amfilifayar kamfanin Marshall, wato farantin ƙarfen da ke ɗauke da kayan cikinta, don a ƙara mata kwalba (kwan gilashi mai ƙarfafa sauti) ko maɓalli, ranar masu tara kayan tarihi suka janye daga cinikinta. Su abin da suke biya shi ne a samu kaya yadda ya fito daga masana'anta. Waɗanda suka rage maka su ne makaɗa, kuma makaɗi abu uku yake son ji: wa ya yi aikin, me ya taɓa, kuma za a iya mayar da ita yadda take? Idan kana da hujja a kan ukun nan, ciniki zai yi sauƙi. Idan baki kawai kake da shi, tayin wulakanci za ka sha.

Misalinmu a nan JCM800 ce samfurin 2203, mai wat 100 da manyan kwalabe huɗu, da ƙanwarta 2204 mai wat 50 da kwalabe biyu. Tsarin wayarsu ya fara fitowa a 1975 da sunan JMP, aka sake masa riga a 1981. Su da tsohuwar 1959 Super Lead ne suka fi shan wuƙar masu gyara a Los Angeles a shekarun 1980, lokacin da makaɗa ke neman gurnanin sautin jita da ya fi na masana'anta kauri.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Duba lambar da aka buga a bayan shasi. Daga 1969 zuwa farkon shekarun 1990 Marshall na sa harafi guda mai nuna shekara: N na 1981 ne, P na 1982, R na 1983, S na 1984, T na 1985. Sun tsallake B, I, O da Q. Sannan kalli ramukan shigar da wayar jita. Idan ɗaya na saman ɗaya, tsarin farko ne, kuma shi aka fi nema. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka jera su gefe da gefe, aka kafe maɓallan a kan allon waya, kuma kasuwa ba ta ba wannan daraja ɗaya da na farko.

Taransifomomi su ne rabin kuɗin. Na asali a waɗannan shekaru na kamfanin Drake ne ko na Dagnall, kuma suna ɗauke da lambobinsu. Ɗauki hoton lambar a haske. In an canza na fitar da sauti, ka faɗa tun a layin farko na tallarka, domin mai saye zai gano ranar da ya buɗe ta, kuma ranar zai nemi kuɗinsa.

Kafin ka zaro shasi, ka san cewa akwai wutar da ta haura volt 450 a ciki, kuma manyan kafasitoci na riƙe ta ko an zare filogi. Ana sauke ta ne ta cikin resista, a auna da mita har ta koma kusa da sifili. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa mai gyara, ya tsaya kusa da wayarsa yana ɗaukar hoto.

Rubuta kwaskwarimar dalla-dalla

Nan ne yawancin masu sayarwa ke yin sakaci. "An gyara ta, tana da wuta" ba bayani ba ne. Kwaskwarimar da aka saba yi kaɗan ce: ƙara ƙaramar kwalba ECC83, wadda a Amurka ake kira 12AX7, don a samu ƙarin matakin ƙarfafa sauti, sa dayod masu datse kan sauti, abin da aka fi dangantawa da shahararren mai gyara Jose Arredondo, sa babban maɓallin ƙara bayan kwalbar da ke raba sauti ga manyan kwalabe, buɗe hanyar haɗa na'urorin amsa-kuwwa a baya, ko ƙara maɓallin zurfin sauti. Kowanne ka faɗi inda yake da abin da aka cire don a sa shi.

Ka bambance aikin da ya bi ramin da ke akwai da wanda aka huda sabo. Super Lead na da ramukan shigar waya huɗu, don haka mai gyara mai hankali yakan cire ɗaya ya dasa maɓalli a gurbinsa. Wannan ana iya mayar da shi cikin yini guda. Ramin da aka huda a fuska ko a kan shasi kuwa ya zauna ke nan, ko an toshe shi tabo na nan. Ƙirga ramukan ka rubuta adadinsu.

Batun suna sai a yi hattara. Aikin hannun Arredondo, ko Lee Jackson, ko Reinhold Bogner, ko Dave Friedman yana iya ɗaga farashi sama da na wadda ba a taɓa ba, shi ya sa ƙarya ta yi yawa a wannan fage. "Aikin Jose" daban, "salon Jose" daban. Sa hannu da alƙalami a cikin shasi kowa na iya yi. Abin da ke tsayawa shi ne rasit, ko wasiƙa, ko tabbacin mai aikin idan yana raye kuma ya amsa. Ba ka da ko ɗaya? Rubuta "ba a san wanda ya yi ba", ka sa kuɗi a kan haka. Wasu masu gyaran kan zuba baƙin danƙo a kan aikinsu don kada a kwafa. Shi ma ka ambata, don duk abin da ya mutu ƙarƙashin danƙon nan gyaransa wahala ne.

In tsoffin kayan da aka cire suna nan, zuba su a leda ka haɗa. Ledar nan kaɗai takan kawar da rabin gardama.

Gwaji kafin talla

Kada ka kunna ta ba lasifika a jone, kuma ka daidaita maɓallin baya da akwatin lasifikar, ohm 4 ko 8 ko 16. Amfilifaya mai kwalba da aka buga ba lasifika takan ƙona taransifomar fitar da sauti, wato abin da ya fi komai tsada a jikinta.

Bar ta ta yi awa guda tana aiki. Kashe fitilar ɗaki ka leƙa manyan kwalabe: ɗan jan zaren tsakiya daidai ne, amma in farantin ƙarfen da ke kewaye da shi ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take, wuta ta yi wa kwalbar yawa. Babbar kwalba samfurin EL34 wat 25 take ɗauka, ana kuma saita ta a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na haka. A kan volt 460, kashi 70 ya kama kusan miliamf 38 kowace kwalba. Rubuta adadin da aka auna da ranar aunawa. Amfilifayoyin da aka kai Amurka a wancan zamani da manyan kwalabe samfurin 6550 suka je, in an mayar da taka EL34 sai an gyara da'irar saitin, ba musanya kwalba kawai ba.

Sai ka ɗauki fensir ka ƙwanƙwasa ƙananan kwalabe a hankali. Wadda ta amsa da ƙara kamar ƙararrawa ta lalace, canza ta, ba ta da tsada. Buɗe maɓallin gurnani har ƙarshe ba tare da jita ba. Huci kamar na iska dole ne a irin wannan amfilifaya. Fito mai tsini kuwa alama ce wayoyin da aka ƙara sun kusanci juna, sauti yana komawa baya yana zagaye. Gunji mai kauri yakan fito daga tsofaffin kafasitoci ko daga wayar dumama kwalba. Ka tuna kowace ECC83 da aka ƙara tana jan miliamf 300 daga taransifomar wuta, don haka taɓa jikin taransifomar bayan awar nan ka ji ko zafin ya wuce misali.

Bidiyo ɗaya ya isa: jita, waya, amfilifaya, babu wata na'ura a tsakani, maɓallai suna bayyane, ka kuma faɗi irin lasifikar.

Kuɗi da musaya

A dandalin cinikin intanet na Reverb ko eBay, farashin da aka sayar za ka duba, ba wanda ake nema ba. Fara daga kuɗin wadda ba a taɓa ba mai shekara ɗaya da taka, ka rage ramuka, ka rage taransifomar da aka canza. Kuɗin da ka biya mai gyara ba ya dawowa, sai dai in sunansa na sayar da kansa. Lissafa la'adar dandalin da kuɗin aike kafin ka yanke, kuma kada ka yarda a biya ta hanyar da ba ta da kariyar ciniki don gudun la'ada.

A musaya ƙa'ida ɗaya ce: ma'auni ɗaya ga kaya biyu. Kada a kimanta taka da kuɗin da shago zai saya, a kimanta tasa da kuɗin da shago zai sayar. Ku daidaita ma'aunin tukuna, sannan a yi maganar ciko. Shago zai ba ka ƙasa da kasuwa domin shi ma riba zai nema, kuma ya fi ɗari-ɗari da mai kwaskwarima. In musayar ta nesa ce, ku aika rana ɗaya da lambar bibiya, ko ku ajiye duka biyun wurin mai gyaran da kuka amince da shi.

Ɗauri

Amfilifaya 2203 ita kaɗai, ban da akwatin lasifika, ta kai kilo 20, kuma yawancin nauyin na taransifoma ne, wanda in kwali ya faɗi yakan lanƙwasa shasi. Ƙara ɗaure kusoshin da ke riƙe shasi a akwati. Cire manyan kwalabe, rubuta wa kowace lambar gurbinta, naɗe su ɗaya-ɗaya a ƙaramin kwali. Kwali biyu za ka yi, da soso mai tauri na aƙalla santimita 5 a kowane gefe, ban da ɓarɓashin soso, shi gudu yake yi ya bar kusurwa a fili. Sa inshora a kan cikakken kuɗin, ka ɗauki hoton kowane mataki.

A saman akwatin manna takarda mai nuna wutar da aka saita ta a kai. Wadda aka saita wa volt 120 na Amurka, in aka soka ta a 230 na Ingila ko Najeriya ba taransifomar rage wuta, sa'a ce in fis kaɗai ya tafi.