Yadda Za Ka Gwada Littafin Leƙen Asiri da Fim Ɗinsa

Fara da littafin, kada ka kunna fim ɗin sai ka kai shafin ƙarshe. In kallo ya riga karatu, fuskar jarumin za ta manne maka a rai, komai ka karanta da idon darakta za ka gan shi. Kana karatu kana rubuta abu uku: wa ake farauta, wa ke farautarsa, da kuma babin da kowane sirri ya fito fili. Sannan ka kalli fim ɗin sau biyu, na biyun da takardarka a hannu, kana rubuta mintin da kowane sirri ya tonu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne zaman lissafa abin da aka yanke. Ɓata lokaci ne. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya yake ci a allo, wato fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba, to ina za a cusa littafi mai shafi 500? Yanka dole ne. Abin nema shi ne canji guda da ya jawo sauran.

Ɗauki The Bourne Identity na Robert Ludlum, wanda ya fito a 1980, da fim ɗin Doug Liman na 2002. A littafin, hukumar leƙen asirin Amurka ta ɗora wa jarumin labarin sunan Bourne da shigar makashi ne a matsayin tarko don kama Carlos, ɗan ta'addan nan haifaffen Venezuela. Amma an cafke Carlos na gaske a Khartum a 1994, Tarayyar Sobiyet ma, babbar abokiyar gabar Amurka, ta rushe tun 1991. Sai masu fim suka cire shi baki ɗaya. Da ya fita, dole a samo wani maƙiyi, sai hukumar da ta horar da Bourne ta koma ita ce mai neman ransa. Bourne kansa ya tashi daga mai shigar burtun makashi ya zama makashi na gaske.

Bi wannan zaren zuwa kan Marie, abokiyar tafiyar Bourne. A littafi masaniyar tattalin arziki ce daga Kanada, da bindiga ya yi garkuwa da ita a Zurich, kuma ilimin banki da take da shi ke warware masa ƙulli. A fim Bajamushiya ce mara tsayayyen aiki, kuɗi ya biya ta ta kai shi Faris a motarta. A ganina an yi haka ne don mai kallo ya tausaya wa mutumin da hannunsa ke da jini. Yin garkuwa da mace a farkon fim zai kashe wannan tausayin.

In kana son ma'auni na uku, nemi wanda aka yi wa talabijin a 1988 da Richard Chamberlain. Wannan fim ɗin ya bar Carlos a ciki, don haka zai nuna maka abin da labarin ke zama idan ba a taɓa maƙiyin ba.