Yadda ake kula da ɗan firamare daga ƙofar gida har a tashi

Tun bayan sace ɗalibai a Kuriga, cikin ƙaramar hukumar Chikun, ranar 7 ga Maris 2024, da an ce tsaron makaranta a Kaduna sai hankali ya tafi ga katanga da jami'an tsaro. Wannan yana nan, kuma nauyin hukuma ne. Amma abin da ya fi samun ɗan firamare a cikin gari yana faruwa ne a lokacin da ya bar hannun wani bai kai hannun wani ba. Saboda haka tambayar da za ta riƙe duk tsarin ita ce: a wannan sa'ar, yaron nan a hannun wa yake?

Mataki na farko shi ne hanya. Kafin a koma makaranta, uba ko uwa su bi hanyar da ƙafa tare da yaron, a daidai lokacin da zai riƙa bin ta, domin titin da yake shiru da azahar ba haka yake da ƙarfe bakwai na safe ba. A nuna masa wuri ɗaya da zai tsallaka, ban da fitowa ta bayan motar da ta tsaya, inda direban da ke tahowa ba ya ganinsa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 bai iya auna gudun mota ba tukuna, don haka babban titi irin na Nnamdi Azikiwe ko wajen Kawo ba a sakinsa shi kaɗai. Da damina a duba magudanan ruwa da ke kan hanyar. Kwalbati marar murfi idan ruwa ya rufe shi ba a gane bakinsa, kuma ruwan Agusta ba ya jiran a tashi.

Idan mai keke ne zai riƙa kai su, a san gidansu, a rubuta lambar keken da lambar wayarsa, a kuma yi magana a kan adadin yaran da zai ɗauka. Matsalar da aka fi samu ita ce ranar da ya turo ƙaninsa ko yaronsa ba tare da ya faɗa ba. A gaya masa tun farko: in ba zai zo ba, ya kira, kada ya aiko.

Na biyu, ƙofar makaranta. A ba shugaban makaranta sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki yaron, a rubuce, da hotunansu in da hali. Maigadi da malamin aji su san su. Wanda ya zo da “mamansa ce ta aiko ni” ba a ba shi yaro sai an kira uwar a lambar da ke cikin rajista, ba lambar da shi ya miƙo ba. Wannan ƙa'idar takan ɓata wa kawu ko gwaggo rai sau ɗaya, daga nan kowa ya saba. Kiran suna ma a yi shi sau biyu, da safe da kuma bayan tara, domin yaron da ya sulale lokacin tara ba a ganewa sai an tashi.

Lokacin tashi shi ne ya fi buƙatar ido. Malamai sun gaji, masu talla sun cika bakin ƙofa, kekuna suna juyawa. A ware malami ɗaya kowace rana wanda ba ya tafiya sai yaro na ƙarshe ya tafi, kuma ƙananan azuzuwa su jira a cikin aji, ba a bakin titi ba. Iyaye za su iya kai wannan buƙata ta hannun kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ko ƙungiyar iyaye da malamai.

Na uku, ciki da ruwa. Yaro ya karya kafin ya fita, ko da koko da ƙosai ne. A ba shi gorar ruwa tasa mai murfi, a ƙara yawan ruwan a Maris da Afrilu lokacin da zafi ke tsananta. Abinci mai miya da aka zuba tun asuba yana iya lalacewa kafin tara a irin wannan zafin, gara busasshe. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan bayan gida da kafin cin abinci ya fi kowane magani sauƙi, sai dai bokiti ɗaya da kowa ke tsoma hannu ciki ba wanki ba ne. A yi amfani da buta ko bokiti mai famfo.

Na huɗu, lafiya. A faɗa wa malamin aji idan yaro yana da sikila, asma ko farfaɗiya. Ɓoyewa don kunya shi ke sa a saka mai sikila gudu a rana ko a bar shi cikin sanyin hunturu ba rigar sanyi. Makaranta kuma ta san abubuwa uku. Haɓo, wanda ke yawaita da hunturu: a zaunar da yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti 10, ba a ɗaga kai baya. Farfaɗiya: a kawar da benci, a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa, in ta wuce minti 5, asibiti. Gudawa: a haɗa ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari, a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya kuwa ba a jiran tashi, ana iya zargin sanƙarau.

Na biyar shi ne wanda aka fi jin nauyin faɗa. A koya wa yaro cewa inda wando da riga suka rufe ba mai taɓawa, kuma duk babban da ya ce “kada ka faɗa a gida”, to wannan maganar ita za a fara faɗa. Makaranta ta hana malami ko ma'aikaci keɓewa da yaro a ɗaki a rufe, ko aikensa gidansa. Alamun da ake lura da su: yaro ya fara ƙin makaranta kwatsam, fitsarin kwance ya dawo, ko a gan shi da kuɗin da ba a ba shi ba. Idan ya faɗi wani abu, kada a yi masa tsawa ko a tara masa mutane. A kai shi asibiti nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 yake aiki, kuma kada a yi masa wanka ko a wanke kayansa kafin a je. Jihar Kaduna tana da cibiyoyin Salama da aka buɗe don irin wannan, kuma tana da dokar kare yara tun 2018.

Sai a sa yaron ya haddace cikakken sunansa, sunan unguwarsu da lambar waya ɗaya. A rubuta lambar a cikin jaka, ba a bayanta ba, kuma kada a rubuta sunansa a waje inda baƙo zai karanta ya kira shi kamar ya san shi.